Garma a Gidana, Karkiya a Gidan Bappa

Asabar, bayan Magariba

Alhamdu lillahi. Na gaji tiƙis, rubutun yau ba zai yi kyau ba, amma sai na yi shi. Malam Salahuddeen da ya koya mana karatu a ajin manya na yamma ya ce duk ranar da mutum bai riƙe biro ba, hannunsa ya koma baya. Ni da na koyi rubutu da furfura a kaina, ba zan yarda in koma baya ba.

Abu biyu Allah ya yi mini yau.

Na farko, mun ci gasar huɗa da ƙungiyar manoma ta shirya a Kibiya. Shanu sun zo daga Tarai, sun zo daga Rurum, har da na cikin Rano. Kowa aka yankar masa fili, a ga wanda kunyoyinsa suka fi miƙewa kuma ya riga gamawa. Ɗana Muhyiddeen ne ya riƙe garma, Bello ɗan aminina Bappa ya ja shanu. Sa ɗaya nawa ne, fari, mai tafiya ta hagu. Yara suka sa masa suna Kansila, wai ba a ganinsa sai lokacin rabon dusa. Ɗayan na Bappa ne, ja, mai tafiya ta dama. Bappa yana kiransa Mboɗeeri da Fillanci, mu da bakinmu bai iya ba muke cewa Boɗeri. Wallahi kunyoyin nan kamar an ja su da zare. Na ji wani mutumin Tarai yana cewa, “Waɗannan ba shanu ba ne, tela ne.”

Haka muke ni da Bappa tun kafin a haifi yaran nan. Shekarar da ciwo ya cinye masa garke ya zauna a nan Kahu, yana da ɗan maraƙi ɗaya, ni ma ina da ɗaya, sai muka haɗa. Shanun sun sauya ba sau ɗaya ba, amma tsarin bai sauya ba: garma tana kwana a gidana, karkiya tana kwana a gidansa. Ba wanda zai fita huɗa sai ya bi ta ƙofar ɗan'uwansa.

Na biyu, kuma shi ne babba. Mai lasifika yana shirin kiran sakamako, wayata ta yi ƙara. Saudat, matar Muhyiddeen, wadda kuma 'yar Bappa ce, ta je goyon ciki gidan iyayenta, ta sauka lafiya. Mace. Muhyiddeen kaɗai Allah ya bar mana cikin 'ya'yan da muka haifa, kuma wannan ce jikata ta farko. Ban tsaya ganin kyauta ba, na hau babur ɗin Ja'afaru ɗan acaba na taho in gaya wa matata Barira. Ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse.

A hanya kowa da yadda yake faɗa. Wasu su ce, “Kun ci!” Samari su ce, “Kun lashe!” Liman ya riƙe hannuna ya ce, “Allah ya ƙara nasara.” Wannan kalma tana cikin na farko da na iya rubutawa a aji. Ga ta: nasara. Yau na rubuta ta a kan abin da yake nawa.

Gobe zan je in ga amaryata. Na san Bappa zai ce tasa ce, shi ya riga ni ganinta. Za mu gani.

Lahadi, da hantsi

Muhyiddeen ya dawo jiya da kyautar. Sabuwar garma ce, kore shar, an rubuta sunansa a jikinta da farin fenti. Na karanta da kaina, ba wanda ya taya ni.

Leɓensa a kumbure yake. Ya ce ƙahon Kansila ne. Kansila bai taɓa tunkuyar ko ƙuda ba.

Lahadi, bayan La'asar

Na je barka. Na sa farar rigata, na ɗauki goro da turmin atamfa da Barira ta ajiye tun watan jiya.

Bappa ya fito zaure ya ce, “Sannu da zuwa, Malam.”

Malam. Mutumin da tun muna da baƙin gashi bai taɓa kirana da komai ba sai Kaɗo, yadda Fulani ke tsokanar Bahaushe. Ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ba tsohon buzun da muke zama a kai ba. Aka kawo fura a kwanon baƙi mai murfi. Ya tambayi lafiyar gida, ya tambayi gajiyar jiya, ya tambayi lafiyar gida kuma. Na ce, “Yaya mai jego da baƙuwa?” Ya ce, “Lafiya lau, mun gode.”

Ina jin kukanta daga cikin gida. Murya gare ta, Alhamdu lillahi. Na zauna ina jira ya ce, “Tashi ka shiga.” Bai ce ba. Ni kuma ba zan shiga gidan mutum bai ce in shiga ba, ko da jinina ne a ciki.

Ya rako ni har bakin hanya. Bai taɓa rako ni ba. Da, daga inda yake zaune yake cewa, “Ka gaida Kansila, ya fi ka hankali.”

Litinin, bayan Azahar

Na tsare Ja'afaru a bakin masallaci, na ce ya gaya mini abin da ya faru bayan ya ajiye ni ya koma fili. Ya yi ta sosa ƙeya.

Ya ce mai lasifika sunan mai riƙe da garma kaɗai ya kira, kamar yadda suke yi wa kowa. Ya ce, “Muhyiddeen Ɗanmalam na Kahu da shanunsa.” Ba Bello, ba Bappa. Da suka koma gindin ɗorawa suna kwance shanu, Bello ya ce cikin wasa, “Angon gasa, yaushe ka sayi Boɗeri ban sani ba?” Mutane suka yi dariya. Muhyiddeen bai so dariyar ba. Ya mayar da magana, Bello ya mayar, har Muhyiddeen ya faɗi wata.

Ja'afaru ya maimaita mini ita. Ba zan rubuta ta ba. Ban je makaranta da tsufana don in rubuta irin wannan ba. Magana ce da ta taɓa ƙasar da gidan Bappa yake kai, da wanda ya riga wani zuwa garin nan. A gaban mutanen Tarai da na Rurum. Ga ɗan surukinsa, ranar da 'yar gidan ta haifa masa.

Na gode wa Allah da Bello hannu ɗaya kawai ya kai.

Talata, da safe

Ruwa ya sauka sosai, ƙasa ta jiƙu har ƙasa. Alhamdu lillahi. Na fito da garma ƙofar gida kamar kullum. Ba wanda ya zo da karkiya.

Laraba, bayan Isha'i

Na kira Muhyiddeen zaure. Ya zauna can nesa, kansa a ƙasa.

Na ce, “Za ka je ka ba su haƙuri.”

Ya ce, “Baba, ni na ce a kira sunana? Kuma shi ya fara. Kuma shi ya buge ni.”

Na ce, “Na ji. Za ka je.”

Ya ce, “In na je yanzu, garin nan kowa zai ce sun yi nasara a kaina. Mu muka ci gasar nan, Baba.”

Na ce, “Ku wa?”

Ya ce in ba shi kwana biyu zuciyarsa ta huce. Zan iya tilasta masa, ba zai ƙi ba. Amma na san Bappa. In aka kawo masa haƙurin da aka jawo da igiya, daga tafiyar mutum zai gane.

Yaron nan bai ga 'yarsa ba shi ma. Na ga ya sayo sabulu da hoda ya ba uwarsa ta kai, yana yi kamar ba shi ya saya ba. Akwai alheri a cikinsa. Na gode wa Allah da wannan.

Alhamis, bayan La'asar

Barira tana zuwa can kullum, mata ba su rufe wa juna ƙofa ba. Ita da Fanta matar Bappa suna dafa ruwan wanka tare. Yau ta aro wayar maƙwabciya ta ɗauko mini hoto. Na sa tabarau na duba. Goshin gidanmu ne, hancin kuwa na su Bappa ne, dogo. Barira ta ce, “Malam, ka ga yatsunta? Irin naka, kamar na mai tsinkar gyaɗa.”

Na riƙe wayar har ta mutu. Hoto ba shi da nauyi a hannu, ba shi da ƙamshi. Amma na gani. Alhamdu lillahi.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

Mutane har yanzu suna yi mini murnar gasa. Mai shayi ya ce, “Ga masu nasara nan, a ba su wuri.” Na yi dariya don kada a gane. Kowa yana huɗar gyaɗa, gonata tana nan a kwance, ta Bappa ma haka.

Asabar, ranar suna, da yamma

An raɗa mata suna Halimatu Sa'adiya. Allah ya raya ta, ya sa mai albarka ce.

A ƙofar gidan Bappa aka yi. Ya yanka rago babba bayan wanda muka kai. Danginsa sun zo daga wajen Rurum, an cika. Ba abin da aka rasa. An ba ni wuri mai kyau kusa da liman, an ba ni nama mai kyau. Duk abin da ake yi wa babban baƙo an yi mini.

Muhyiddeen ya zo da abokansa, ya gaida Bappa a tsugune, Bappa ya amsa yana kallon wani wuri. Bello yana wajen fiɗa, bai ɗago ba.

Da aka shafa fatiha na jinkirta, ina gyara takalmi, ina neman sandata da take hannuna. Bappa ya ce, “Mun gode, Malam. Allah ya bar zumunci.”

Ban gan ta ba. Amma an kira sunanta ina wurin, na ce amin da bakina. Wani bai kai ga haka ba.

Lahadi, da hantsi

Na samo dabara, kuma raina ya yi fari. Sabuwar garmar nan ita ce ta jawo komai. Ba a raba garma biyu. To me zan yi da ita? Na kira Ja'afaru, muka ɗaure ta a bayan babur. Na ce, “Ka kai wa Bappa. Ka ce masa tasa ce, ya riƙe.”

Ja'afaru ya ce, “Baba, ba za ka je da kanka ba?”

Na ce, “In na je zai ji kunya ya ƙi karɓa. Kai dai kai masa.”

Muhyiddeen yana tsaye yana kallo. Barira ta tafi can tun da sassafe, ban samu na shawarce ta ba, amma na san za ta yaba.

Litinin, da safe

Karkiya ta zo. A bayan babur ɗin Ja'afaru. Ba saƙo.

Litinin, bayan La'asar

Na kasa cin abinci. A ƙasar nan in masu haɗin shanu za su rabu, ba a zama a yi magana. Kowa ya aika wa ɗan'uwansa da abin da yake ajiye da shi, shi ke nan, an gama. Na ga an yi wa wasu, ban taɓa zaton za a yi mini ba.

Na jingina ta a zaure. Itacen ya yi santsi a wajen wuyan shanu. Ga inda ta tsage shekarar da muka yi huɗar fadama, Bappa ya ɗaure da fatar akuya. Ɗaurin yana nan daram.

Na aika masa da alheri, ya aiko mini da sallama. Ban gane ba. Amma ba zan zarge shi ba. Abin da aka faɗa masa ba ƙarami ba ne.

Talata

Kansila bai ci dusarsa ba. Yana ta juya kai wajen hanyar gidan Bappa.

Laraba, bayan Azahar

Yau na yi dariya, ban so ba.

Muhyiddeen ya ce tunda ga tsohuwar garma ga karkiya a gida, ba abin da ya rage sai sa ɗaya. Ya je Tarai ya aro na wani abokinsa, ƙato, baƙi. Bai tambayi ta wane gefe yake tafiya ba. Ashe shi ma na hagu ne. Aka sa shi a dama, ya dinga turo Kansila yana neman wurinsa, Kansila yana turo shi. Kunya ta farko ta tafi kamar sawun maciji. Ta biyu ta shiga gonar maƙwabci. A ta uku Kansila ya duba hagu, ya duba dama, ya kwanta abinsa a cikin kwari yana tuƙa.

Masu wucewa suka tsaya. Wani ya ce, “Zakarun Kibiya, wannan sabon salo ne?” Wani ya ce, “A kira mai lasifika!” Wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta ce, “Ɗan nan, ka tambayi san mana, ya fi ka sanin abokin aikinsa.”

Muhyiddeen ya yi ta jan igiya, gumi har ƙafa. Kansila ko gezau. Daga ƙarshe ya saki igiyar ya zauna a kan kunyar nan karkatacciya, ya rufe fuska da hula. Na je na kwance shanun da kaina.

A hanyar dawowa mun hango Bello a gonarsu, shi kaɗai, yana huɗa da garmar hannu. Bai yi ko kwatar gonar ba. Muhyiddeen ya tsaya ya daɗe yana kallonsa.

Alhamis, bayan Magariba

Na bi ta makarantar firamare inda muke ajin yamma, na tarar da Malam Salahuddeen yana share allo. Yaro ne a kaina, amma malamina ne. Ya ce, “Baba Ɗanmalam, ina ta jin labarin nasara, ba ka zo ka ba mu ba.”

Na ce, “Malam, ni kalmar nan ta fara ba ni tsoro. Tun da aka ce mun yi ta, ban huɗa kunya ɗaya ba.”

Ya ajiye tsumman ya zauna a kan benci. Ya ce a Larabci inda aka aro ta, tana tafiya ne tare da taimako, wanda aka taimaka shi ne ya yi nasara. Ya ce mu kuma mun sake ta ta shiga ko'ina: ɗan ƙwallo ya yi nasara, ɗan takara ya yi nasara, likita ya fito daga ɗakin tiyata ya ce an yi nasara, mai neman aure ma haka. Na ce har mai shayi in ya sami canji cewa yake ya yi nasara. Muka yi dariya.

Bai tambaye ni abin da ke damuna ba, ko da yake na san ya ji. Ya ce in ci gaba da rubutu. Na gode masa.

Juma'a, da hantsi

Barira ta shigo jiya da daddare ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce, “Malam, kai ka aika wa Bappa da garma?”

Na ce, “Ni ne. Kyauta.”

Ta ce, “Da bakin wa?”

Na ce, “Ja'afaru.”

Ta tafa hannu ta ce, “Innalillahi. Da girmanka! In mutum ya ga garma ta sauka a ƙofarsa a bayan babur, an ce masa tasa ce ya riƙe, me aka ce masa?”

Sai da ta faɗa na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Ni kyauta na gani. Shi garma ya gani. Ni na fara aika sallamar, shi amsawa kawai ya yi.

Ta ce Fanta ta ɓoye mata kwana da kwanaki don kunya, sai jiya ta fashe da kuka a wajen murhu. Wai ranar da garmar ta iso, Bappa ya tsaya a kanta ya daɗe, sannan ya ce, “Ashe har uban ma.” Ya shiga ya ɗauko karkiya da hannunsa. Tun ranar ba ya cin kirki. Kuma wai ranar barka da ranar suna, jira yake in ce masa wani abu a kan maganar yaron nan, ko kalma ɗaya, ni kuma ina zaune ina jira ya ce in shiga.

Na ce, “To me ya hana shi faɗa?”

Barira ta ce, “Yau ka san shi? Bappa ne zai buɗe baki ya ce an ɓata masa? Kai kuma me ya hana ka?”

Na gode wa Allah da ya ba ni matar da ba ta jin tsoron gaya mini.

Asabar, bayan La'asar

Bari in rubuta a hankali, kada in bar komai.

Da hantsi, lokacin da hanya ta cika da masu zuwa gona, na saɓa karkiya a kafaɗa na fita. Ban kira babur ba. Abin da aka ɓata a gaban mutane, a gaban mutane ake gyara shi. Tana da nauyi fiye da yadda na sani, yau na tausaya wa Kansila. Mai shayi ya ce, “Baba, lafiya? Kawo a taya ka.” Na ce, “Bar ni, aikena ne.”

Ban kai rijiyar unguwa ba na ji takun kofato a bayana. Muhyiddeen ne, yana jaye da Kansila. Ban kira shi ba, ban gaya masa zan fita ba. Ya ce, “Baba, kawo.” Na ce, “A'a.” Ya ce, “Don Allah, Baba. Ni ya kamata in ɗauka.” Muryarsa ta sa na sauke masa. Ni na karɓi igiyar Kansila. Haka muka ratsa gari, yana gaba da karkiya a wuya, ba wanda ya yi dariya.

Tun kafin mu iso Boɗeri ya fara kuka daga turkensa, Kansila ya amsa, ya kusa fizge ni.

Bappa yana zaune a ƙofar gida. Ya rame. Sabuwar garma tana jingine a inda aka sauke ta, ko matsar da ita ba a yi ba. Muhyiddeen ya ajiye karkiya a gabansa, ya cire hula, ya durƙusa. Ya ce, “Baba, na faɗi abin da ba a faɗa. Ba ni da hujja. Ka yafe mini.” Bappa bai dube shi ba, ni yake kallo.

Na ce, “Bappa, garmar nan kyauta na aiko maka, wauta ce ta sa ban kawo da kaina ba. Karkiya kuma ba ta iya kwana a gidana, ta hana ni barci. Ga ta nan. Abin da yaron nan ya faɗa, ba a gidana ya koya ba, kuma ya kamata in zo in gaya maka haka tun ranar da na ji.”

Bappa ya dubi karkiya, ya dubi kafaɗata inda rigar ta yi datti, ya ce:

“Kaɗo, da ka bari sun ɗaura maka ita sosai. Na ji an ce kana neman na dama.”

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ce, “Ai kai ya kamata a ɗaura, ka fi Boɗeri taurin kai.” Ya ce, “Zauna kafin ka faɗi a ƙofata a ce ni na kashe ka.” Ya jawo tsohon buzun nan da ƙafa.

Ya ce wa Muhyiddeen, “Tashi. Ni na yafe. Amma ba ni ka faɗa wa ba.” Bello yana tsaye a bakin zaure. Su biyu suka zaga bayan gida wajen turke. Abin da suka ce wa juna ban ji ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga sun fito Bello yana riƙe da igiyar Boɗeri, Muhyiddeen yana share ido yana cewa ƙura ce.

Muhyiddeen ya ɗauko dutse zai kankare sunansa daga jikin garma. Bappa ya ce, “Bar shi, kada ka ɓata fenti. Ni ban iya karatu ba, Mboɗeeri ma bai iya ba. Ubanka kaɗai abin ya dama, shi da ya je makaranta da gemu.”

Sannan ya miƙe, ya ɗaga labulen zaure, ya ce, “Shiga mana. Ko sai an aiko maka da babur? Amma ka sani amaryata ce, aron gani na ba ka.”

Fanta ta miƙo mini ita a cikin zani. Saudat tana gefe tana rufe fuska tana murmushi. Halimatu Sa'adiya. Ba ta kai nauyin damin alayyafo ba, amma sai da na zauna. Tana ƙamshin hayaƙi da man kaɗanya. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni kamar mai tambayar ina na tsaya. Ta kama yatsana. Na yi mata addu'a duk wadda na sani, wasu na maimaita. Ina cikin yi na ji ɗumi a cinyata, ta jiƙa mini riga sharkaf.

Na ce, “Alhamdu lillahi, ta zaɓe ni. Bappa, ka gani da idonka, na ci.”

Ya ce, “Wane kai! Ni ta fara yi wa, tun ran Lahadi ta farko. Tambayi Fanta. Ni na yi nasara, Kaɗo, kai na biyu ka zo.”

Ina da amsa a bakina, mai kyau kuwa. Na haɗiye ta. Na ce, “Na yarda. Kai ka ci.”

Lahadi, da sassafe

Ina jin su a waje. Bello yana ƙwanƙwasa ƙofa da sanda yana cewa, “Baba Ɗanmalam, a fito da garma, rana tana yi.” Gonar Bappa za a fara, ita ta fi jira. Kansila ya cinye dusarsa tas. Bari in ajiye biro in je in buɗe musu.